Ranar yawo a Alƙahira: tambayoyin da ɗaliban Kaduna da iyayensu suka fi yi

Da zarar sabbin ɗalibai daga Kaduna sun gama da wahalar rajista da neman ɗaki a Hayyul Ashir ko Madinatul Bu'us, sai hankali ya koma ga ganin gari. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kowace shekara, wasu daga bakin ɗaliban, wasu daga iyayen da ke Tudun Wada ko Kawo suna jiran hoto a waya. Farashi kuwa, tun da aka karya darajar fam ɗin Masar a watan Maris na 2024 ba ya zama wuri guda, don haka a tambayi wanda ya je wurin a makon nan, ba wanda ya je bara ba.

Wace rana ce ta fi dacewa a fita?

Hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar, Lahadi ranar aiki ce kamar Litinin a gida. Juma'a da sassafe titunan Alƙahira fayau suke, tafiyar da kan ci awa biyu a ranar aiki sai a yi ta cikin ƙasa da rabin haka. Amma ana idar da sallar Juma'a iyalai ke fitowa, kowane lambu da kowace kasuwa su cika maƙil. Saboda haka Juma'a da safe ta Giza ce, Asabar kuma ta tsofaffin masallatai, domin ranar Juma'a masallatan na cike da masallata, ba a samun damar tsayawa kallon gini.

Yawancin wuraren tarihi na gwamnati suna rufewa da la'asar, kuma akan daina sayar da tikiti kafin lokacin rufewar. Wanda ya bar ɗaki ƙarfe goma sha ɗaya ya riga ya cinye rabin ranarsa a hanya. Daga Nuwamba zuwa Maris ne yawo ke da daɗi, sai dai a riƙe rigar sanyi saboda dare. Daga Yuni zuwa Agusta rana ba ta wasa. Tsakanin Maris da Mayu akwai iskar da suke kira khamasin, ƙura ce kamar ta hunturu amma mai zafi. Ranar da ta taso a haƙura da fita.

Wurare nawa za a iya haɗawa a rana ɗaya?

Yanki ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Kuskuren da sabon zuwa ya fi yi shi ne ya ce zai ga dalar Giza da safe, ya yi Azahar a Azhar, ya hau ganuwar Salahuddin, ya ƙare a bakin Nilu. Giza tana can yamma da kogi, Azhar tana gabas, tsakaninsu kuma cunkoso ne da na gadar Kawo ta da bai kama ƙafarsa ba.

A raba garin gida huɗu. Giza da sabon gidan tarihin da ke kusa da ita rana guda. Titin Mu'izz da Husaini da Azhar da kasuwar Khan Khalili rana guda, duk a ƙafa. Ganuwar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176, da masallacin Sultan Hasan da na Ibn Tulun rana guda. Sai Fusɗaɗ, inda masallacin Amru bn Al-As yake tare da gidan tarihin da ke ɗauke da gawarwakin sarakuna. Bakin Nilu da yamma shi kaɗai ne ake iya liƙa wa kowace daga cikin ranakun nan.

Me zan sa a jaka?

Fasfo mai ɗauke da iƙama mai rai, ko aƙalla katin iƙamar da kwafin fasfo, da katin makaranta. Katin makaranta kuɗi ne: a wuraren tarihi tikitin ɗalibi rabin na babba ne, amma sai katin yana nuna shekarar karatu ta bana. Hoton kati a waya ba kasafai ake karɓa ba.

Sai katin banki, domin manyan wuraren tarihi sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayar da tikiti. Katin naira kan ƙi aiki a waje, don haka a tabbatar akwai mutum ɗaya a cikin tawagar mai katin da ke ci, shi ya biya wa kowa a ba shi a hannu. Duk da haka a riƙe ƙananan kuɗi da yawa, saboda mota da banɗaki da mai tsaron takalmi duk canji suke so, kuma “mafish fakka”, wato babu canji, magana ce da za ka ji sau goma kafin dare. A ƙara da gorar ruwa, da fawa-banki, da leda guda ta zuba takalmi a masallaci.

Yaya ake hawa metro?

Metro jirgin ƙasa ne na cikin gari, layi uku ne. Na ɗaya, wanda aka buɗe a 1987, ya tashi daga Helwan zuwa Marg. Na biyu daga Shubra zuwa Munib, shi ke bi ta Giza. Na uku shi ya fi kusa da mazauna Abbasiyya da Madinatu Nasr. Ana sauya layi a Ataba tsakanin na biyu da na uku, a Nasser tsakanin na ɗaya da na uku, a Sadat ko Shuhada tsakanin na ɗaya da na biyu. Ka faɗa wa mai tikiti sunan tashar da za ka sauka, domin yawan tashoshi ne ke yanke kuɗin. Kada ka yar da tikitin bayan ka shiga. Da shi za ka fita, kuma rasa shi tara ce.

A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata, da alama a kan dandamali daidai inda yake tsayawa. Namijin da ya faɗa ciki cikin gaggawa zai sha tsawa kafin tara ta biyo baya. Ƙofa ba ta jiran kowa, shi ya sa tawaga ke rabuwa. Tun kafin a shiga a yi alkawari: wanda jirgi ya bari ya hau na gaba, sauran su jira shi a kan dandamalin tashar da za a sauka.

Inda metro bai kai ba fa?

Ƙananan farar bas, su ne kamar bas ɗin Kawo zuwa Kasuwa. Ba kwandasta, kuɗi daga hannu zuwa hannu yake tafiya har ya kai ga direba, canji ya dawo ta wannan hanya. In za ka sauka ka ce “ala gamb yasɗa”, wato direba a tsaya a gefe. Lambobin manyan bas da alƙaluman Larabci aka rubuta su, kuma nan ake tuntuɓe: abin da ya yi kama da sifili biyar ne, sifilin kuwa ɗigo ne.

Idan kun kai huɗu, Uber ko inDrive a raba kuɗin ya fi sauƙin rai, musamman da dare. Farar tasi tana da mita, sai dai a tabbatar direba ya kunna kafin a tashi. In ya ce ta lalace, a yanke kuɗi tun a tsaye, ko a sauka.

Me ya kamata in sani kafin in je Giza?

Dala uku ne manya, ta Khufu da ta Khafre da ta Menkaure, sai gunkin Abul Haul mai jikin zaki da kan mutum. Ta Khufu ta haura shekara 4,500, tsayinta na asali ya kai mita 146. Wanda ya taso da labarin dalar gyaɗa ta Kano zai gane siffar, amma sai ya tsaya a gindinta, ya ga dutse ɗaya na jerin ƙasa ya kai masa ƙirji, sannan girman ke shiga kansa. Tikitin shiga fili daban, na shiga cikin dala daban. Cikin kuwa siririyar hanya ce da ake hawa a sunkuye, zafi da ƙarancin iska, a ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse wanda babu komai a ciki. Mai asma ko wanda ƙunci ke firgitawa ya bar kuɗinsa a aljihu.

Masu raƙuma da dawakai su ne jarrabawar wurin. Ɗan Arewa ba baƙon raƙumi ba ne, amma raƙumin Giza da lissafi yake tafe. Kafin ka ɗora ƙafa a yanke abu huɗu: nawa ne, da fam ɗin Masar ne ko da wane kuɗi, na mutum ɗaya ne ko na duka, kuma ya haɗa da dawowa da saukewa. Wanda bai yanke na ƙarshen ba zai iya samun kansa a sama, raƙumi ya ƙi durƙusawa sai an ƙara. Kuɗi sai an sauka ake biya. Wanda ya ɗora maka rawani a ka ya ce “hadiyya” ba kyauta ya ba ka ba. Ka cire ka miƙa masa da murmushi, ka ce “la, shukran”, ka ci gaba da tafiya ba tare da ka tsaya ba. Haka wanda ya ce kawo wayarka ya ɗauke ka hoto.

Babu inuwa a filin. A isa da buɗewa, a bar wurin kafin Azahar. Mai sauran ƙarfi ya wuce Babban Gidan Tarihin Masar, wanda aka yi bikin buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 2025, inda aka tara kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun.

Ina ake ganin gawar Fir'auna?

Wannan ce tambayar da aka fi aikowa da ita daga gida. Gawarwakin sarakunan ba sa Giza, kuma ba sa tsohon gidan tarihin dandalin Tahrir. A watan Afrilu na 2021 aka kwashe 22, sarakuna 18 da sarauniya 4, zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Ɗakin yana ƙasa, da duhu-duhu da sanyi, kuma an hana ɗaukar hoto a ciki. Masu gadi ba sa ɗaga ƙafa a kan wannan.

A can akwai Ramsis na Biyu da ɗansa Merneptah, su ne biyun da aka fi dangantawa da zamanin Annabi Musa (AS). Sai dai babu rubutu a jikin gilashin da ya ce wannan ne Fir'aunan da ya nutse, masana ma sun saɓa. Ɗalibin ilimi bai kamata ya aika gida da tabbacin da masu ajiyar gawar ba su bayar ba. Daga nan masallacin Amru bn Al-As, na farko a Masar, bai da nisa, kuma tashar Mar Girgis a layi na ɗaya ita ce ta komawa.

Ta ina ake fara zagayen tsohuwar Alƙahira?

Daga arewa a gangaro kudu. A sauka Babush Sha'ariyya a layi na uku, a taka zuwa ƙofar Babul Futuh, ginin 1087. Kana shiga masallacin Al-Hakim na hagunka, da faffaɗan tsakar gida na farin dutse. Wuri ne mai kyau na yin alwala da hutawa kafin cunkoso. Daga nan titin Mu'izz ya miƙe, kimanin kilomita ɗaya zuwa Bab Zuwaila. A tsakiyarsa ne ginin Sultan Ƙalawun na 1285 yake, wanda ya haɗa makaranta da asibiti da hubbare. Idan tikiti ɗaya kawai za ka saya a titin, na nan ne. Ka ɗaga kai a cikin hubbaren ka ga yadda haske ke ratsowa ta gilasai masu launi ya sauka a kan marmara.

Gaba kaɗan a karya hagu cikin Khan Khalili a ɓulla dandalin Husaini. Misirawa sun riƙe cewa kan Sayyidina Husaini yana binne a masallacin, kuma za ka ga masu shafa ƙarfen hubbaren suna kuka. Ko mene ne ra'ayinka a kan wannan, ba wurin buɗe muhawara ba ne; ka yi sallarka ka fita. A tsallaka titi zuwa Azhar, wanda aka fara ginawa a 970 aka fara salla a cikinsa a 972. Mutanenmu ba baƙi ba ne a nan: sarakunan Kanem-Barno sun tanadi masaukin ɗalibansu a Alƙahira tun ƙarni na 13, kuma a cikin Azhar akwai ruwaƙin, wato sashen masaukin ɗalibai, da aka sani da na Barnawa. Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba ya ƙarasa Bab Zuwaila ya hau hasumiya kafin a rufe.

Masu karɓar takalmi a ƙofar masallatai suna sa ran ɗan ihsani. Ledar da aka ambata a amsar jaka ita ke raba wannan gardamar.

Yaya ake ciniki a Khan Khalili?

Wanda ya iya taya gwanjo a Kasuwar Barci ya iya rabin aikin. Farashin farko na baƙo ne. A taya ƙasa da rabi, a hau a hankali, in an cije a juya a tafi, sau da yawa kira zai biyo baya. Abu biyu ke ɓata ciniki: nuna zumuɗi, da tayawa alhali ba ka da niyyar saye. In mai kaya ya sallama a kan tayinka, saye ya zama dole a al'adance. Jallabiya da turare da carbi na tsaraba sun fi araha a Ataba da Muski, inda 'yan gari ke saye. Littattafai kuma a shagunan bayan Azhar.

Me za a ci wanda ba zai cinye aljihu ko ya ɓata ciki ba?

Koshari shi ne abincin ɗalibi: shinkafa da taliya da adas, wani ƙaramin wake, a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa a kai. A kan tebur akwai kwalabe biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa da tsami, ɗaya barkono da suke kira shaɗɗa. Ɗan Kaduna zai ga abincin Masar salam, wannan kwalba ta biyu ce ke ceton sa, ko ƙullin yajin da ya taho da shi. Da safe akwai ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya, wadda ƙosai ce ta wani irin wake da ganye a ciki, shi ya sa cikinta kore ne. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, ruwan rake kuwa a gabanka ake matsewa, kuma a take ake sha, in ya jima baƙi yake yi.

A ci inda ake layi. Ɗanyen ganye da ƙanƙarar kan titi su ke kwantar da sabon zuwa a makonnin farko. A gidajen shayin dandalin Husaini a tambayi farashi kafin a zauna, saboda kujerar ma da kuɗinta a cikin lissafi.

Shiga kwale-kwale a Nilu fa?

Falluka ake ce masa, mai filafilan zane ba inji. Da awa ake ɗauka, kuma kuɗin na jirgin ne gaba ɗaya, ba na kai ba, don haka mutum shida zuwa takwas ne daidai. A shiga saura awa ɗaya Magariba. Sharuɗɗan da aka faɗa kan raƙuman Giza su ne a nan ma, a ƙara da duba agogo tare da mai jirgi lokacin tashi.

Abokin karatu Bamisire ya gayyace ni. Da gaske yake?

Sai an gwada. Duk wanda ka wuce yana cin abinci zai ce “itfaddal”, kamar bismillar gida, amsarta godiya ce ba zama ba. Su da kansu suna da suna ga gayyatar baka, “azumat marakbiyya”, wato gayyatar mai jirgi da ke tsakiyar kogi ga wanda ke tudu. In ya maimaita sau biyu sau uku, ya sa rana da lokaci, to da gaske ne. A tafi da kwalin kayan zaƙi, a yaba girkin uwar gida, a kuma shirya wa ɗure.

Larabcin allo da na titi ba ɗaya ba ne. Jim ta koma “g”, ƙaf ta ɓace, shi ya sa ƙahwa ta zama “ahwa”. In ka yi fusaha za a fahimce ka, wani ya yi dariya ya ce sadaƙallahul azim. Ba raini ba ne, kuma zama a wurin shayi da irin waɗannan abokai ya fi kowane littafi koyar da harshen gari.

Ni mace ce. Akwai abin da ya bambanta?

Ki yi amfani da taragon mata da aka yi bayani a amsar metro, ki zauna a kujerar baya a tasi, ki tura wa wata bayanin motar. Ku fita ku biyu ko uku. Cunkoson ranakun Idi a tsakiyar gari da bakin kogi shi ne lokacin da aka fi samun masu taɓa mata, a bar yawo sai bayan Salla. In wani ya matsa miki kada ki yi shiru don kunya. Ɗaga murya ki ce “eib”, wato abin kunya, mutanen wurin za su taso masa. Dokar ƙasar ta mayar da cin zarafin mata laifi tun 2014, aka ƙara tsananta hukuncin a 2021.

In aka tsokane ni, ko 'yan sanda suka tsayar da ni?

Tsokana a kan launin fata tana faruwa, yawanci daga yara da samarin unguwa, su ce “samara” ko “shokolata”. Da ciwo, amma faɗa a titi baƙo yake kayarwa, domin rigima na iya shafar iƙama. A wuce.

Ɗan sanda takarda yake nema. A miƙa cikin natsuwa, ba gardama. Abin da ke jawo babbar matsala shi ne hoto: kada a ɗauki sojoji, 'yan sanda, shingen bincike ko ginin gwamnati, kuma kada a tsaya kallon taro. Lambobin gaggawa su ne 122 na 'yan sanda, 123 na motar asibiti, 126 na 'yan sandan masu yawon buɗe ido. Ofishin jakadancin Najeriya yana Zamalek. A rubuta lambar shugaban ɗaliban jiha a takarda a sa a aljihu, saboda waya kan mutu.

Yaya ake raba kuɗi tsakanin abokai ba tare da an ɓata ba?

Karo-karo tun daren jiya. A naɗa ma'aji ɗaya, kowa ya ba shi na mota da abinci da falluka, shi ke biya, abin da ya rage a raba a hanyar dawowa. Tikiti da tsaraba kowa da aljihunsa. Ba kowa ake turo wa kuɗi daidai ba, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba zai faɗa ba, sai dai ya ce ba ya jin yunwa. Ma'aji mai hankali yakan zaɓi koshari saboda shi. Yawancin ranakun nan a ɗakin wani ɗan gida suke ƙarewa, a tuƙa tuwon shinkafa da kuka da daddawar da sabon zuwa ya kawo.

Mu iyaye ne a Kaduna. Mun kira yaro ranar yawo bai ɗauka ba, mu tayar da hankali?

Alhaji, Hajiya, ku fara duba agogo. Masar tana gaban Najeriya da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma da awa biyu. A cikin dala da ɗakin gawarwaki da wasu sassan metro sabis kan ɗauke, hoto da taswira kuma suna cinye caji kafin la'asar. Abin da ya fi shi ne tun da safe yaron ya turo sunan yankin da za su, da lambar abokin tafiya ɗaya, da lokacin da yake sa ran komawa ɗaki. Idan wannan lokacin ya wuce da awa biyu babu labari, sai a kira abokin, daga shi sai shugaban ɗaliban da aka ambata a amsar 'yan sanda.